Wayar Fanka a Arfa

Ana sallame azahar da la'asar a Arfa, fankar ta tsaya cak.

Ni Lurwanu, mai gyaran motoci a unguwar Hindawiyya ta Makka, na san sarai aikin wane ne. Yayana Sabo ne ya sayo 'yar tirelar nan a Jidda, akwatin ƙarfe mai ƙafa biyu da gado ɗaya da fanka a ciki, ya kuma dage shi zai haɗa wayar batir da kansa. Sabo fa, wanda ko fitilar kananzir ya taɓa sai ta yi hayaƙi!

Goggo Zainabu ce kwance a gadon, ƙanwar mahaifinmu. Shekara bakwai ta yi a hanya daga Gusau, ta biyo ta Sudan tana tuyar ƙosai, ta iso mana da ciwon ƙirji. Malamanmu sun ce sai rana ta faɗi mata a Arfa hajjinta zai cika. In kuwa zafi ya fi ƙarfinta, dole mu juya da ita Makka.

Na leƙa ƙarƙashin gado, na fito, na zagaya tirelar, na sake komawa. Girgizar hanya ta sa ƙarfe ya cinye robar waya kusan taƙi guda, da na motsa ta sai tartsatsi.

Na ce, "Ya Sabo, ina shatartun, robar naɗe waya?"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi nasitu, ya akhi, na manta. Na baro a shago."

Saura ƙiris in zage shi, sai na tuna ina cikin ihrami, na haɗiye. Na bi tantunan maƙwabta da gudu, kowa hannunsa a sama yana addu'a, babu mai ko tsinke. Ihramina sharkaf da gumi, tsummokaranmu duk mun jiƙa muna goge wa Goggo goshi, jiƙaƙƙen ƙyalle kuma ba ya naɗe waya. Numfashinta har waje nake jin sa. Tsoro ya kama ni sosai.

"Lurwanu, miƙo mini ƙullin can," in ji Goggo.

Ta kwance ƙullin, sai ga likkafaninta fari fat, wanda ta wanke da Zamzam shekaranjiya ta shanya.

"Haba Goggo! La, wallahi ban iyawa."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ciji gefensa da sauran haƙoranta, ta yage shi ƙyat, ta miƙo mini. Na naɗe wayar, na ɗaure, na mayar da kan batir. Fanka ta yi ƙugi, ta ɗauka.

Na fita na dubi rana, da sauranta da yawa. Na dawo na tarar da Sabo durƙushe yana sharɓar kuka, riƙe da yagaggen gefen likkafanin. Goggo ta dafa kafaɗarsa.

"Yi shiru, ɗana. Da na saye shi ina da jiki. Yanzu har ragowa za ku samu."