Darasin Turanci a Gidan Mai Walda

Mai walda ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci, amma shi ne malamin Turanci a gidansa. Kullum ya taso daga shago, tun bai wanke baƙin hannunsa ba, sai ya ja kujerar roba tsakiyar falo, ya ɗora guntuwar wayar injin walda a cinya, ya ce 'ya'yansa biyu su tsaya gabansa su ba shi labarin abin da suka yi jiya.

Abin yana da asali. Shekarun baya yana aiki a wani kamfani tukunyar gas ta fashe, ta ƙone mutum. Manaja ya tara su, ya ce kowa ya yi bayani da Turanci. Wanda ya bar tukunyar a buɗe ya zuba zance kamar an kunna famfo, shi kuwa ya tsaya yana "e... to... wato", aka sallame shi a ranar. Tun daga nan ya yanke cewa a duniyar nan mai saurin baki shi ne mai gaskiya. Da yake kunnensa ba ya raba daidai da kuskure, sai ya kafa doka ɗaya tak: wanda ya zarce ba tsayawa shi ya iya, wanda ya tsaya ya sha waya.

Yaya, 'yar farinsa, ta daɗe da gano lagon wannan doka. Karatu bai dame ta ba, amma Allah ya yi mata baki. Sai ta kwaso rubutun jikin kwalin magani da tallan rediyo, ta barbaɗa "and" da "because" a tsakani kamar gishiri, ta karkace harshe ta zuba. Uban ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Rabonta da duka har ta manta.

Ƙanenta, Auta, shi ne ya iya da gaske, kuma iyawar ce ta jawo masa. Yakan tsaya ya tuna ko mace ake nufi ko namiji, ya lalubo yadda aikatau ke canzawa idan abu ya riga ya wuce. Ga i'ina da ta kama shi tun da aka fara darasin, kullum ƙaruwa take.

"I went to school and... and..."

Fyat! Wayar ta naɗe masa ƙafa.

"Ci gaba, ɗan banza! Haka za ka tsaya gaban manaja kana raba ido?"

"And I... I..."

Fyat! Wannan karon a baya. Umma, mahaifiyarsu, tana kicin, sai ta ƙara ƙarfin buga tukwane, don ita ma ta san ɗanɗanon wayar.

Bayan darasi Yaya ce mai shafa masa man zafi a bayan ƙofar ɗakinsu. Bayan yaron duk shatar waya, sabuwa a kan tsohuwa, abin yana cin ranta ƙwarai.

"Kai wane irin wawa ne?" in ji ta cikin raɗa. "Faɗi komai mana. Karanto masa kwalin madara, ina ruwansa?"

"B-ba daidai ba ne, Yaya."

"Daidai ɗin ce za ta warkar maka da baya?"

Ya kau da kai. Taurin kan uban ya kwaso tsaf.

Rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Wata yamma Kawu, ƙanen Umma da ke karɓar baƙi a wani otal, ya biyo gaisuwa, ya tarar ana shirin darasi. Mai walda ya ga ranar nuna dukiya ta zo.

"Zauna ka ji Turanci," ya ce, yana washe baki. "Ke, ba kawunki labarin jiya."

Yaya ta matso gaba. Ta dubi Kawu da ido tana roƙo, shi kuwa hankalinsa na kan kofin ruwan da aka kawo masa. Tsayawa duka ne, zarcewa tonon asiri. Ta rufe ido ta zuba.

Kawu ya shaƙe da ruwa. Ya yi dariya har da hawaye, yana dukan cinya.

"Baban Auta, wallahi maganin tari ta karanto maka! A sha bayan abinci, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Kai, yarinyar nan 'yar duniya ce!"

Shi kaɗai yake dariya. Da ya lura, sai ta maƙale masa a wuya. Ya ce ai wasan yara ne, ya ce ya tuna yana da aiki, ya nemi takalmansa. Mai walda ya raka shi har bakin ƙofa cikin mutunci, ya ce ya gai da gida, sannan ya dawo ya murza mukulli ya jefa a aljihu.

"Tun yaushe?" ya tambaya a hankali.

"Baba, ka yi haƙuri..."

"Tun yaushe kike mai da ni mahaukaci a gidana?"

Bai jira amsa ba. Wayar ta sauka a kafaɗarta, ta biyu ta fasa mata leɓe. Ta faɗi tsakanin kujeru ya bi ta, yana duka yana haki, ba ya duba inda take sauka. Umma ta fito da gudu ta riƙe masa riga. "Don Allah maigida, za ka kashe ta!" Ya hankaɗa ta da gwiwar hannu, ta bugu da bango ta zube. Yaya ta rufe fuska da hannuwa, ta ji fatar yatsunta tana tsagewa.

Sai dukan ya tsaya. Ta leƙo ta tsakanin yatsu, ta ga Auta ya cafke bakin wayar da hannu biyu.

"Saki."

Bai saki ba. Uban ya dunƙule hannun nan da ya saba lanƙwasa ƙarfe, ya kai masa naushi a gindin kunne. Yaron ya yi sama, goshinsa ya daki gefen teburin talabijin. Jini ya ɓalle, ya rufe masa ido ɗaya, ya gangaro kan farar rigar makaranta.

Yaya ta ɗauka ya mutu. Sai ga shi ya dafa teburin ya miƙe yana tangaɗi. Ya dubi uban ido cikin ido, ya buɗe baki, Turanci ya fito tar, ba i'ina, ba ko numfasawa:

"You beat me yesterday and you beat her today, but she lied because she was afraid, and I stopped because I hated you."

Yaya da ba ta iya Turancin kirki ba, wannan kam ta ji shi duka. Ka doke ni jiya, ka doke ta yau, amma ita tsoro ya sa ta yi ƙarya, ni kuwa ƙinka da nake yi ya sa nake tsayawa. Tana jiran uban ya ce ta fassara, tana neman ƙaryar da za ta ceci ƙanenta.

Bai nemi fassara ba. Ya tsaya baki buɗe, ya dubi Umma a ƙasa, ya dubi Yaya.

"Kun ji ya tsaya? Ko sau ɗaya?"

Fuskar mai walda ta cika da murna, murna ta gaskiya, har idonsa ya kawo ruwa. Ya shafa kan yaron, jinin ya ɓata masa tafi.

"Yauwa ɗana! Ashe duk lokacin nan hannuna ne ya yi sauƙi." Ya juya wajen Umma. "Tashi ki wanke masa ciwon nan."

Sannan ya naɗe wayar a hannu, ya dubi Yaya da tausayi.

"Kar ki damu, ke ma za ki iya. Gobe da ke za mu fara."