Hanta a Hagu

Aikina ba shi da daɗin bayani, shi ya sa har yau mahaifiyata ke gaya wa maƙwabta wai gyaran kwamfuta nake yi. Ga yadda yake. A asibitin da ke tsallaken titi, nan Bucaramanga ta ƙasar Kolombiya, likitar hoto tana bin hotunan sikan ɗaya bayan ɗaya, tana zagaye kayan cikin mutum da layi: hanta, ƙoda, babbar jijiyar jini. Ni kuma in juya waɗannan layuka zuwa abin da manhajar gina jijiyoyi za ta iya karantawa, ta fitar da siffar jijiyar kamar ka kai hannu ka taɓa. Da siffar nan ake auna bututun da za a sa wa majiyyaci.

Injin sikan da manhajar ba sa ga maciji a kan maganar dama da hagu. Abin da wannan ya kira dama, wancan ya ce hagu ne. Saboda haka kowa a ɗakinmu ya saba da dabara ɗaya: duba hanta. Hanta a dama take. In ka gan ta a hagu, siffar ta juye, sai ka danna ka mayar da ita, ka ci gaba da shan kofinka.

Ranar wata Laraba aka turo mana aikin wata mata. Ba suna, ba rahoto, sai lamba, don haka ƙa'ida ta ce. Babbar jijiyarta ta kumbura dab da ƙoda. Dakta Efraín Quiroga, likitan tiyata, yana son awon kafin Juma'a, ya aika a ɗinka mata bututu mai ƙofofi daidai inda jijiyoyin ƙodarta suka fita. Idan ƙofofin suka kauce, bututun zai toshe wa ƙoda jini. Idan kuma aka makara, jijiyar ba ta yi wa kowa alkawarin jira ba.

Na juya layukan, siffa ta fito, sai ga hanta zaune daram a hagu.

Wílmer, abokin aikina, ya leƙo da guntun arepa, wainar masararmu, a baki. "Ta juye. Danna mana, Yesenia."

"Ba zan danna ba. Da hannuna na gyara wannan matsala tun bara. Ba ta isa ta juye ba."

"To ga shi ta isa. Ranki ya daɗe, hanta ta fi ki gaskiya."

"Kai dai ci abincinka, sarkin dannawa."

Na sake yi daga farko, hanta ba ta motsa ba. Na gwada tsofaffin ayyuka, kowanne ya fito lafiya lau. Raina ya ɓaci sosai, don na tsani abin da ban gane ba, na kuma tsani ranar da Wílmer zai yi gaskiya. Dannawar ba za ta ɗauke ni ƙiftawar ido ba. Amma in juya jikin baiwar Allah ban san dalili ba? Na yanke cewa daga asibiti aka kwafo hotunan a juye, na ɗauki jakata na tsallaka titi da faɗa cike da bakina.

Dakta Nohemí Serrano, likitar hoton, ta bar ni na zazzage tas. Sannan ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Kin juya?"

"Ban juya ba."

"Alhamdu lillahi," in ji ta da irin nata harshen, ta sauke numfashi. "Yana cikin rahotona, na manta ba a ba ku rahoto. Hotunan daidai suke. Matar ce haka Allah ya yi ta. Hanta a hagu, zuciya a dama, komai nata a juye."

Na nemi kujera na zauna. Da na danna, da siffar ta fito kyakkyawa kamar ta kowa, ba wanda zai ce uffan.

"Tana nan ma, ta zo gwajin jini," in ji Dakta. "Bari in tambaye ta ko za ta gan ki."

Majiyyaciyar, Doña Ludivia Carreño (Doña muke ce wa babbar mace don girmamawa), gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tela daga garin Girón, tana rungume da jakar leda kamar za a ƙwace mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai zana cikina? Ai kin yi ƙanƙanta, 'yar nan."

"Ni ce, Doña. Hantarki ta hana ni sakat tun safe."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ba ke kaɗai ba. Ina yarinya wani likita ya sa abin saurarensa a ƙirjina, bai ji komai ba, ya kusa sanar da uwata na rasu alhali ina zaune ina kallonsa. Mijina kuwa, Allah ya ji ƙansa, in muka yi faɗa sai ya ce ai dole, mace da zuciya a baibai."

Sai dariyar ta ɗauke. Ta matso, ta rage murya.

"Gaya mini gaskiya. Bututun nan, irin na kowa za su sa mini su ce in yi haƙuri? Ni tela ce. Na san abin da ke faruwa in aka yanka riga ba a auna mai ita ba."

"Naki za a ɗinka, Doña. Ƙofa ɗaya ba za ta kauce ba. Yau zan gama, gobe Dakta Quiroga da Dakta Serrano su zauna su duba tare da ni kafin a aika."

Ta yi nazarin fuskata, yadda ake duba yadi kafin a saya. Tsoro ne a idonta, ni ma kuma tsoron nake ji, amma na san abin da na faɗa zan iya.

"Kawo hannunki," ta ce.

Ta kama shi ta ɗora a ƙirjinta, ɓangaren dama. Shekara da shekaru ina juya zukatan mutane a allon kwamfuta, ban taɓa jin ko ɗaya ba. Wannan tana bugawa da ƙarfi, ba gaggawa.

"Kin ji ta? Jikata za ta haihu a watan Disamba, ni zan yi wa jaririn wankan farko. Je ki yi aikinki."