Barcin Baba a Mararraba

"Ƙara rage iskar," in ji Baba daga cikin mota. "Tayar nan har yanzu tumbinta a cike yake kamar na kawunki."

Auta ta durƙusa a kan rairayi, ta danna bakin tayar da tsinin makulli, iska ta ci gaba da fita. Ita da ta saba da safar hannu da allura a asibiti, yau ga ta tana rarrafe a gindin tsohuwar motar ubanta, ƙura har cikin kunne. Ta koma ta tayar da mota, ta sa giya, motar ta yi gurnani ta fice daga yashin.

"Ba na gaya miki ba?" Baba ya ce, yana gyara sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Murna fal a fuskarsa.

Tsohon direban babbar mota ne, kuma haukansa ɗaya ne a duniya, hawan dutse. Tun kafin a haifi Auta, duk shekara sai ya ɗauki hutu ya nausa cikin hamada, inda wasu duwatsu biyu suke tsaye suna fuskantar juna. A gidansu Yaya da Ƙane ake ce musu. Yaya, babban, shi Baba yake hawa. Ƙane kuwa ko kallo bai ishe shi ba, wai na yara ne da masu ɗaukar hoto.

To, bana an yi masa aiki a gwiwa. Likita ya ce matakalar gida ma ta ishe shi. Baba ya saurara da kyau, ya yi godiya, ya dawo gida ya fara wanke takalminsa na hawa. Ya ce sai ya hau Yaya sau ɗaya na bankwana, ko da rarrafe ne, ko da shi kaɗai.

Jiya Umma ta ja Auta kicin ta rufe ƙofa. "Ki kai shi," ta ce, "amma ki dawo min da shi a kan ƙafafunsa biyu. Yadda za ki yi, ke ta shafa."

Dabara ɗaya Auta ta samu. Akwai mararraba can gaba, inda aka binne rabin wata tsohuwar taya a matsayin alama. Hagu ta tafi Yaya, dama ta tafi Ƙane. Za ta bi dama, in sun isa ta ce kuskure ne, lokacin rana ta yi sama, komawa ba za ta yiwu ba. Matsalar ita ce mutumin nan bai taɓa runtsawa a mota ba muddin wani ne ke tuƙi, kuma ko ido rufe, da jijjigar da bayansa yake ji yake karanta hanya. Sannan ita tunda take ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Abin yana cin ta sosai.

Hanyar ta ƙara lalacewa. Gargada ta sa haƙoransu suna haɗuwa, gorunan ruwa suna ta birgima a baya, madubin gefe ya sunkuya don kansa. Baba yana ta surutu, a nan ya taɓa fasa taya, a can wani abokinsa ya rantse ba zai sake biyo shi ba.

Sai surutun ya ɗauke. Auta ta waiga. Ikon Allah! Kansa ya karkace a jikin gilashi, ido rufe, yana sharar minshari kamar injin niƙa. Ga tsohuwar tayar nan ta bayyana a gaba. Ta rage gudu, ta leƙa fuskarsa, ta sake leƙawa, sannan ta karya sitiyari dama.

Bai farka ba sai da hanya ta ƙare a gindin dutse, wurin da babu komai sai wata ƙaramar ƙaya da sawun tayoyi. Ya fito, ya miƙe, ya ɗaga kai.

"Baba," ta ce, "ina jin na ɓata hanya."

"Kin ɓata hanya! Hanya biyu tak a duk faɗin hamadar nan, kika zaɓi ta banza. Wa ya ba ki lasisi, don Allah?" Ya dubi rana, ya yi tsaki mai tsawo. "Miƙo min ruwa. Tunda mun zo, sai mu gaisa da yaron."

Suka fara hawa, suna bin ƙananan tarin duwatsun da mahaya suke jerawa don nuna hanya. Ashe Ƙanen ma ba kanwar lasa ba ne. Tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin takalmi, wani wurin sai an dafa da hannu. Baba ya daina magana tun kafin rabi. Gumi ya jiƙe masa riga, kuma duk lokacin da ya ɗora nauyi a kan gwiwar sai ya cije leɓe.

"Mu huta, Baba."

"Ke kika gaji?"

"Ni na gaji."

"'Yan zamani," ya ce, ya zauna daɓas a kan dutse tun kafin ta rufe baki.

Tana ƙarama, in ta fara kuka a hanya, cewa yake saura kaɗan, alhali ko rabi ba su yi ba. Yau ita ta riƙa faɗa masa. Duk lokacin da ta faɗa sai ya harare ta, ita kuma ta danne dariya.

Da suka kai ƙololuwa iska mai sanyi ta tarbe su. Hamada ta shimfiɗu ta ko'ina, motarsu can ƙasa kamar akwatin ashana. A gabansu kuma ga Yaya tsaye, jajawur, rana tana dukan gefensa, inuwarsa ta kwanta a kan yashi har nesa.

Baba ya dogara da sanda ya ƙura masa ido. Tausayinsa ya kama Auta har idonta ya ciko. Ta raba shi da bankwanarsa, kuma shekara mai zuwa gwiwar nan ba za ta fi haka ba.

"Baba, ni fa..."

"Yi shiru," ya ce a hankali. "Dube shi. Duk shekarun nan ina taka kansa, ashe ban taɓa ganinsa ba. Haka yake da kyau?"

Ya ɗaga hannu ya yi wa dutsen sallama, kamar yadda direbobi suke yi wa juna in sun yi kiciɓis a hanya. Sannan ya zauna, ya miƙe ƙafar, yana murza wuyansa.

"Wuyan ma ciwo yake?" ta tambaya.

"Ba dole ba? Kin tsaya a mararraba kina ta leƙen fuskata kamar mai duba gawa. Na ce yarinyar nan ta juya mana, wuyana zai karye."

Auta ta saki baki.

"Kuma ki tambayi uwarki, ni ba na minshari. Na ƙara ne don ki samu ƙarfin hali." Ya kurɓi ruwa. "Kada ki gaya mata. Ki bar ta ta yi ta jin daɗi ta yi min wayo."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce wallahi shi da Umma sai Allah.

Sun sauko a hankali, hannunsa a kafaɗarta, bai kuma ce ta sake shi ba. A hanyar komawa gargadar tana nan yadda suka bar ta. Da suka doshi mararraba ta buɗe baki za ta tsokane shi, sai ta ga kansa ya faɗa kan ƙirjinsa, sandar ta zame ƙasa, numfashinsa yana fita a hankali, babu minshari ko kaɗan.

Ta kashe rediyo, ta kauce wa ramin da ke gabanta, ta wuce tsohuwar tayar.