Ƙasa, Hannun Dama

Lissafin awaki da tumakin Karakkai ya goge kaf daga wayar wakilin garin, motar rigakafi ta zo Bungudu ta koma ba ta leƙa su ba. Dabba ɗari biyu da sha huɗu, ko ɗaya ba ta samu allura ba.

Manhajar lissafin da ke cikin wayar ta wani ƙaramin kamfani ce a Gusau. Wakilan ƙungiyar masu kiwo ke shigar da dabbobi cikinta, su aika, sannan a tsara inda mota za ta bi. Injiniya Zaharaddeen ya haɗa ta, shi ne kuma mai kamfanin. Littafin bayanin yadda ake aiki da ita kuwa Tajuddeen ya rubuta, shafi ashirin da hotuna, an buga kwafi ɗari uku.

Ranar Litinin Injiniya ya kira shi ofis.

"Ƙungiya na son sanin mai laifi kafin Juma'a. In wakilin ne su cire shi. In littafinka ne, ka san sauran. Je ka bincika, ka kawo min rahoto."

Tajuddeen ya sani. Aikinsa na kwantiragi ne. Amma abin da ya fi cin ransa a lokacin shi ne yadda aka yi. Shafi na tara layi biyu ne kawai: in ka gama, danna madannin da ke ƙasa, hannun dama, in ta tambaye ka, ka ce e. Ta ina mutum zai ɓata a layi biyu?

Washegari da sassafe ya shiga mota zuwa Bungudu, daga nan ya hau mashin zuwa Karakkai. Ya tarar da wakilin, Ɗantsoho, yana yi wa wata tunkiya yankan kofato a ƙofar gida. Dattijo ne gajere, ba ya karatun boko.

"Kai ne mai littahin?"

"Ni ne, Baba."

"Yana da kyau. Ni dai ban taɓa buɗe shi ba."

Ɗantsoho ya ce ranar aikawa ta'aziyya ta kai shi Mada, sai ya bar wa maƙwabcinsa Malam Badamasi wayar da littafin, tunda shi malamin firamare ne. Aka aika aka kira shi. Ya zo da littafin a hammata, fuska ba walwala.

"Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, ban taɓa tsallake layi ba. An ce ƙasa hannun dama, na danna ƙasa hannun dama. Ta tambaye ni, na ce e."

Tajuddeen ya karɓi wayar. Gilashinta ya tsage a kusurwar ƙasa, hannun dama, ya yi fari kamar an zuba gishiri. Ko harafi ɗaya ba ya karantuwa a wurin. Madannin aikawa kuwa yana can sama hannun hagu, ƙato, da hoton wani rago mai baƙin kai.

"Baba, me ke ƙarƙashin tsagar nan?"

"Mai gogewa. Nan na aje shi don kar hannuna ya kai. Wurin har yankan yatsa shikai."

"Wa ya nuna maka ana matsar da su?"

"Wa zai nuna min? Na daɗe da yatsa bisa abin, na ga ya yi rawa, na ja shi, ya biyo ni. Ragon ko nawa ne. In na gan shi na san aikawa ce."

Malam Badamasi ya ce, "Ka ji ko? Mutum ya sauya wa kaya wuri ya tafi ta'aziyya."

"Kai ko da karatunka duka, ka danna abin da ba ka gani."

Tajuddeen bai shiga tsakaninsu ba. Yana ta juya wayar. Ya san manhajar na barin mutum ya jera madannai yadda yake so, Injiniya ma da wannan yake tallar ta. Amma shi da wayar ofis ya yi aiki, sabuwa fil, ba wanda ya taɓa matsar da komai a cikinta. Layi ɗaya ya ba maganar, can shafi na sha takwas.

A nan rahotonsa ya riga ya kammalu in yana so: wakili ya sauya tsari bai gaya wa kowa ba. Sai dai wata tambaya ta hana shi sakat. Ɗantsoho ne kaɗai, ko akwai irinsa?

Laraba ya nufi Tsafe, ya samu wakilai bakwai a bakin tasha. Ya ce kowa ya buɗe wayarsa. Hajiya Lami ta ɓoye komai sai madannai uku manya-manya, ta ce idonta ba ya son cunkoso. Mannir ya kwashe nasa duka zuwa hagu, don da dama yake riƙe ƙahon akuya lokacin ƙirga. Wani ya jera nasa daga dama zuwa hagu yadda ya saba karatun allo. Huɗu cikinsu gilashi a fashe, kowa kuma ya kauce wa tasa tsagar.

"A ƙasa hannun dama me kike da shi, Hajiya?"

"Ba komai. Fili ne."

"To ya kike bin shafi na tara?"

"Ɗana, littafin naka yana bisa kwaba, lafiyarshi lau."

Ya zauna kan benci ya zana fuskar kowace waya a takarda. Alhamis ya ƙara shida a Mada, ya bar hanya kafin la'asar. Waya sha huɗu har da ta Ɗantsoho, ba biyu da suka zo ɗaya, ba kuma wadda ta yi kama da hoton littafinsa. Abin har daɗi ya riƙa yi masa. A mota ya sake rubuta shafi na tara a bayan takardar: kar a faɗi wuri, a faɗi aikin madanni, a bar fili kowa ya zana inda ya ajiye nasa, wanda aka bar wa waya ya fara duba zanen mai ita.

Juma'a da safe ya baza zanen a teburin Injiniya. Injiniya ya daɗe yana kallo, ya ɗaga na Mannir ya karkata kai, ya yi 'yar dariya. Sannan ya ajiye.

"Wannan duk na gani. Suna ɗaya suke so. Ka rubuta wakili ya taɓa tsari, ai ba ƙarya ba ce."

"Mu muka ba shi damar taɓawa. In an cire shi a kan haka, sai a cire sha huɗu."

"Tajuddeen, kana da iyali."

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma Malam Badamasi abin da na rubuta ya bi, bai ƙara ba bai rage ba."

Haka Tajuddeen ya rubuta a rahoton, layi uku, da sa hannunsa.

Ɗantsoho ya ci gaba da wakilcinsa, ragonsa na nan sama hannun hagu. An janye kwafi ɗari ukun. Sabon littafin da ya fito bayan wata biyu yana da filin zane a shafi na tara, da sunan wata Salma a bango. Tajuddeen an sallame shi ƙarshen watan da ya miƙa rahoton.