Ba a Taka Kan Kaka

Shekara talatin Matiu ya yi yana haƙar ma'adinai a Ostireliya, sai rasuwar wansa ta dawo da shi gida. Yanzu ba sauran namijin da zai miƙe a dandalin dangi ya yi wa baƙi maraba da harshensu na Maori sai shi, ga shi harshen ya yi masa tsatsa a baki. Yayarsa Hinerangi, wadda maganarta ce yanka a gidan, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi su hau dutsen Taranaki tukuna, wanda danginsu ke ɗauka kakansu ne.

Da sassafe suka kama hanya. Kafin hantsi sun shiga tsakuwar da dutsen ya amayar tun zamanin da, irin wadda in ka yi taku biyu sai ta ƙwace ɗaya. Matiu na haki, tsohuwa kuwa ko a jikinta.

"Ina naman da ka ci a can ya tafi, malam baƙo?"

"Yaya, ki bar ni da abin da ya dame ni. Gwiwa ce."

"Gwiwa ko tumbi?"

Ya yi dariyar yaƙe, amma baƙon nan da ta ce ya soke shi. Tsoro yake ji ƙwarai kada ya zama gaskiya.

Da azahar suka ratsa ƙanƙarar da ke ramin saman dutsen, saura taku huɗu a kai ƙololuwa. Wasu 'yan yawon buɗe ido suna kai suna ta hoto. Ɗayansu ya ga dattijo ya jigata, ya miƙo masa hannu da zuciya ɗaya. Matiu ya kama, har ya ɗaga ƙafa. Hinerangi ta kau da kai.

Sai ya saki hannun.

"Na gode, ɗana. Nan kan kakanmu ne, mu ba ma takawa."

Ya cire hula, ya shiga gaida dutsen yadda ya ji ubansu na yi. Yana tsaka sai kalmomin suka gudu. Ya tsaya baki buɗe, kunya ta lulluɓe shi.

Daga bayansa, ƙasa-ƙasa, Hinerangi ta jefo masa kalmar da ta ɓace. Ya cafe, ya ci gaba. Ya sake cijewa, ta sake jefo wata. A haka suka lallaɓa har ƙarshe.

"Kin dai gani da idonki, Yaya," ya ce. "Ba zan iya ba."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Wa ya ce maka marigayi shi kaɗai yake yi? Shekara ashirin ina zaune a bayansa."