Wanda Bai Buga Jirgi Ba

Ana cikin jera ƙwayoyin wake a kan takarda Alzuma ya shigo. An haɗa tebur biyu a zauren ofishin magajin gari, an shimfiɗa taswirar kogin a kai, kowa da abin da aka ba shi ya ɗora: manoman shinkafa wake, makiyaya tsakuwa, masunta ƙwallon dabino. Duk inda ka san dorina na fitowa kiwo, sai ka ajiye naka. Aka matsa masa a benci, aka yi masa gaisuwa ƙasa-ƙasa. Ya amsa da alhamdu lillahi, kamar yadda bakinsa ya saba amsawa kwana tara ke nan.

Waccan Lahadin ce dorina ta kife jirginsa a mashigin Tondi, shi da matarsa suna hanyar kasuwar Ayoru da kwandon busasshen kifi. Shi ya fita. Matarsa Bibata sai washegari aka samo ta a cikin ciyawar bakin tsibiri. Tun daga ranar bai yi kuka ba, bai kuma ji yunwa ba. In aka ajiye abinci ya ci, in aka ce tashi ya tashi.

Wannan ne zama na huɗu. Madam Hamsatu, ma'aikaciyar gandun daji, ta yi wata biyar tana lallaɓa mutanen nan su yarda a kan abu ɗaya: inda za a bar wa dorinai ciyawa, inda shanu za su sha ruwa, inda jirage za su riƙa ƙetarewa. Aiki ne na mai haƙuri, don mutanenmu ko a kan ranar Sallah ba sa haɗa baki. Har an kusa, sai ga mutuwar Bibata ta zo ta zauna a tsakiyar tebur.

Bulo makiyayi ya dangwara tsakuwarsa yana mita, wai dorina ɗaya tana cin ciyawar shanu goma amma kullum shi ake kira ɓarawo.

"Ai ita in ta ci gona ba ta zuwa ta rantse ba ta gani ba," in ji wani tsohon masunci.

Aka yi dariya kaɗan, aka tuna da wanda ke zaune, aka haɗiye.

Jibo, yayan Bibata, bai yi dariyar ba. Ya miƙe ya ce shi ba wasan wake ya kawo shi ba. Dabbar da ta ci ƙanwarsa tana nan tana wanka da ɗanta, su kuma an tara su ana zana mata gona. A rubuta wa hukuma a nemi izinin harbe ta, in ba haka ba masunta su kwashe dabinonsu su tafi, kowa ya yi ta kansa.

To, mu nan akwai ƙa'ida, ko baƙon jiya ya san ta. Kafin ka shiga ruwan dorina sai ka tsaya ka bugi gefen jirgi sau uku, ka saurara. Dorina ba ta son a faɗo mata babu sallama. In ta ji bugun takan ɗago kai, ka ga inda take, ka kauce. Saboda haka hukuncin dattawa bai da wuya: wadda aka yi wa bugu ta kuma kife jirgi ta haukace, kashe ta ya halatta. Wadda ba a yi wa ba, laifin na ɗan Adam ne. Babu wanda ya tambayi Alzuma tun ranar. Wa zai tambayi basarke ɗan basarke, wanda ya gaji su da tuƙi, ko ya bugi jirgi?

Shi kaɗai ya san amsar. Shekara ashirin da uku, a jirginsa Bibata ce mai bugu. Tana zaune a gaba, shi yana baya da filafili, da an zo bakin mashigi sai ta ƙwanƙwasa katako da gindin ƙwarya. Amma a safiyar nan ba sa magana. Sun yi faɗa tun a gida, ta shiga jirgi ta ba shi ƙeya, ta naɗe hannu. Ya hango mashigin ya ce a ransa za ta buga. Ita kuma, ya san halin abarsa, jira take ya buɗe baki ya ce ta buga. Haka suka shiga ruwan shiru, taurin kai a gaba, taurin kai a baya.

Ya ɗaga ido ya dubi gefen mata. Gambi na can, 'yarsu ta fari, ta lulluɓe da mayafin uwarta. Ita ke dafa masa abinci yanzu, ita ke wanke masa kaya, kuma duk sanda ta ajiye kwano sai ta ce, "Baba, ba laifinka ba ne, kwananta ne ya ƙare." Wannan maganar ce kawai ta rage masa a duniya. In ya ce ya buga, za a harbe dabbar, Jibo ya huce, Gambi ta ci gaba da faɗa masa ita har ya mutu.

Mai gari Tinni ya gyara murya. Ya ce Madam tana bukatar a rubuta komai, shi ya sa zai yi tambayar, ba don ana shakka ba.

"Alzuma, don dai takarda. Ka buga ko?"

"Haba ranka ya daɗe," in ji Jibo. "Wannan ai cin fuska ne. Mutumin da ya koya mini riƙon filafili?"

Alzuma ya dubi taswirar. Wani ya ajiye ƙwallon dabino daidai kan mashigin, kusa da inda aka samo ta. Ya jira ya ji tsoro ko kunya, bai ji ko ɗaya ba. Sai dai ya gaji, gajiya irin ta wanda ya yini da jiƙaƙƙen kaya a ka.

"Ban buga ba," ya ce. "Ita ma ba ta buga ba. Ba ma magana ranar."

Jibo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗauki hularsa daga kan benci ya fita. Sauran masuntan suka dubi juna, suka dubi dabinonsu, babu wanda ya kwashe.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki rabin awa ba. Madam Hamsatu ta rubuta cewa an bar wa dorinai mashigin Tondi daga saukar ruwa har su yaye 'ya'yansu, jirage su zagaya ta gabas. Ta ƙara da cewa bugu wajibi ne a kan mai tuƙi, ba a kan wanda ke gaba ba. Wannan ya zama sharaɗi na huɗu, tsakanin maganar shingen gonaki da ta mashayar shanu. Kowa ya dangwala yatsa. Aka shigo da shinkafa da kifi, aka miƙo wa Alzuma, ya ci.

Da la'asar ya sauka bakin kogi yana kwance igiyar jirgin aro da ya zo da shi. Jibo na can nesa kaɗan a nasa jirgin, ya juya baya, amma bai tura ba. Gambi ta sauko a hankali ta tsaya tsakanin jiragen biyu. Idonta a bushe yake.

"Baba, a kan me kuka yi faɗan?"

Ya tsaya da igiya a hannu. Ya tuna ƙeyarta, ya tuna ɗankwalin da ta ɗaura, ya tuna har warin kifin da ke cikin kwando. Ya koma tsakar gida a ransa, ya duba murhu, ya duba ɗaki, ya nemi kalmar farko da ɗayansu ya faɗa. Ya nema da gaske, don yarinyar ta cancanci a ba ta wani abu.

"Wallahi, Gambi, na manta."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa ƙarfe nawa. Ta tattare zanenta ta shiga ruwa zuwa gwiwa, ta nufi jirgin kawunta.