Hannun da Kande Ba Ta Taɓa Ba

Ga ta nan, ga ta nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, kunnenmu na wajenta.

To, a unguwar Mayo, can kudancin Khartum, an yi wata mata mai suna Kande. A Jazira aka haife ta, cikin gonakin auduga, don iyayenta sun baro wajen Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, hanya ta tsayar da su a can. Da tsinkar auduga ta daina ciyar da mutane, sai ita da mijinta Jibrin suka taho birni. Shi Jibrin ruwa yake sayarwa a amalanken jaki. Ita kuwa Kande hannu Allah ya ba ta. Tana yi wa amare dilka har fatarsu ta yi sheƙi, tana yi wa tsofaffi tausa har su yi barci suna cikin magana. In ta gama da kafaɗa da baya da ƙafa, sai ta kama hannu ta ja yatsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ce ƙas. Wannan shi ne rufin aikinta, kuma matan Umdurman da yawa saboda wannan ƙas ɗin suke aiko mata.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da ƙasar. Mutum irin Kande, wanda ake kira Fallata, wato jikan baƙi daga ƙasashen yamma, ko da a nan aka binne cibiyarsa, yakan lura da inda yake sa ƙafa da abin da yake faɗi a cikin mota.

A cikin gidajen da take zuwa akwai na wata dattijuwa, Hajja Awadiyya, mai jiki, mai son kofi da hira. Kowace Alhamis Kande takan shiga hafila, wato motar haya, daga Mayo, ta sake wata a tsakiyar Khartum, ta haye gada zuwa Umdurman. Shekara tara tana haka, ba ta fasa ba sai ranar da aka rufe gada. Hajja takan kwanta a kan gadon igiya, ta miƙo hannun dama tana dariya tun kafin a fara, in yatsa ɗaya ya ƙi yin ƙara sai ta ce a sake, ba ta yafe ba.

Amma akwai abin da Kande ta haɗiye a gidan tun ranar farko, ya zauna mata a ƙirji. Ranar ta gama da hannun dama, ta kai hannu za ta kama na hagu, sai Hajja ta janye shi da sauri ta cusa shi ƙarƙashin mayafi. A wannan hannun ne ta tara zinarenta duka, zobba uku da awarwaro har kusan gwiwar hannu. Ta ce a bar wannan, ba ya ciwo. Kande ba yarinya ba ce, ta san abin da aka faɗa mata. Ta rantse a ranta ko roƙonta aka yi ba za ta taɓa hannun nan ba. Haka kuwa aka yi. Duk Alhamis hannun hagu yana ɓoye kamar ɗan da ake tsoron maita a kansa, su biyun kuma ba wadda ta sake ta da zancen.

A shekara ta tara, da sanyi ya shigo, yatsun Hajja suka fara kumburi. Da safe ba sa lanƙwasuwa, gaɓoɓin suka yi ƙulu-ƙulu, har finjalin kofi ya fara suɓuce mata. Ciwon gaɓɓai ne, wanda mutanen can suke ce wa ruɗuba.

Hajja tana da 'ya, Mawahib, matar wani kanar na soja, mace mai saurin yanke hukunci. A wani zaman makoki ta ji mata suna cewa jan yatsu shi ke ƙarar da ruwan gaɓa, ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. Shi ke nan, ta samu mai laifi. Alhamis ɗin da ta biyo baya Kande ta iso da kwanon dilkarta, ta tarar da Mawahib tsaye a bakin ƙofa. Ko sallamarta ba ta amsa ba. Ta ce ita ce ta nakasa mata uwa, shekara tara tana karya mata yatsu a hankali, kuma in ta sake ganin ƙafarta a layin nan, kalma ɗaya za ta yi wa mijinta a zo da mota a ɗauke ta. Maƙwabta suna leƙe ta taga. Kande ta buɗe baki, aka rufe mata ƙofa a fuska.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Mawahib ta bi gida-gida da zancen. Cikin mako biyu gidajen biki uku suka aiko cewa sun samu wata. Wata tsohuwa da Kande ta yi shekara shida tana murza mata gwiwa ta hango ta a kasuwar Umdurman, ta tsallaka ɗaya gefen tana ɓoye hannuwanta. Har a Mayo aka fara cewa hannun Kande yana da wani abu. Sunan da ta yi shekara ashirin tana ginawa da tafin hannunta, shi ne mace ɗaya ta rushe da baki.

Kande ta daina cin abinci kamar mutum. In tana tuƙa tuwo sai ka ce da tukunyar take faɗa. Jibrin ya yi ta ba ta haƙuri. Ya ce mutanen nan masu kaki ne, mu kuwa gidan ƙasa gare mu, wanda ko takarda ba shi da ita, ranar da aka ga dama a turo motar rusau. Ya ce ta zauna ta soya gyaɗa ta sayar a bakin titi, mutane za su manta.

"Baban Suhaib," ta ce masa, don da sunan ɗansu take kiransa, "in na yi shiru na amsa ke nan. Gobe in aka ce ni na kashe wata, shi ma in soya gyaɗa?"

Ya ce to da me za ta kare kanta, ita ba likita ba, ba ta da kowa a sama. Ta dubi hannuwanta. Ita kanta tun tana yarinya a gonar auduga take jan yatsunta safe da yamma, ga su nan lafiya lau, amma ta san in ta faɗi haka za a ce ai jikin Fallata daban ne. Tana cikin wannan tunanin sai abu ya faɗo mata. Alhamis ɗin ƙarshe da ta yi aiki a gidan, da Hajja ta juya, mayafi ya zame, ta hango hannun hagu na ɗan lokaci. Ta tuna yadda zoben tsakiya ya nutse cikin nama. Nan take ta tashi ta ci tuwonta har ta ƙara.

Ta jira ranar da ta san gidan zai cika. Jikar Hajja za ta yi aure, an sa ranar lalle, kuma ita Kande aka yi wa alkawarin dilkar amaryar tun bara kafin a ba wata. Da hantsi ta yi wanka, ta yafa farin mayafinta na zuwa suna, ta fita ba kwano ba jaka. Jibrin ya biyo ta har bakin titi da jakinsa yana roƙo, ta shiga hafila ba ta waiwayo ba. A kan gada sojoji suka tsayar da motar suna duba fuskoki, gabanta bai ko faɗi ba, fushi ya cinye tsoron.

Tsakar gidan cike da mata, hayaƙin turare ya turnuƙe, ana kiɗa ana guɗa. Hajja Awadiyya tana zaune a kan gado a inuwa, an jera mata matasan kai, hannuwanta biyu a cikin mayafi. Kande ta ratsa ta tsakiya ta tsaya a gabanta. Kiɗa ya mutu. Mawahib ta taso daga ɗakin amarya tana cewa wa ya bar matar nan ta shigo, a kira direba.

Kande ba ta ko dube ta ba. Da Larabcinta na Jazira, wanda ba ya da wata gargada, ta gaida Hajja yadda ake gaida babba, ta yi mata barka da biki. Sannan ta ce abu ɗaya ya kawo ta, in ta samu za ta fita da ƙafarta kafin direba ya ɗaure takalmi.

"Hajja, fito da hannuwanki biyu matan nan su gani."

Mawahib ta ce uwarta ba abin kallo ba ce. Amma wata dattijuwa a gefe, Fatna, yayar Hajja da ta zo biki daga Madani, ta ce a bari mana, hannu ne, ba tsiraici ba. Sai Hajja ta zaro na dama. Ya kumbura, gaɓoɓi biyu sun yi tauri. Mata suka yi ta salati suna harar Kande. Kande ta ce saura ɗaya.

Da na hagu ya fito, mata suka matso suna leƙe. Ya fi na dama lalacewa nesa ba kusa ba. Yatsu uku sun karkace gefe guda, babban yatsa ya kumbura kamar ƙwan zabo, a na tsakiya kuma ga tabo ja inda maƙerin zinare ya yanke zoben da ya nutse.

"Shekara tara ina zuwa gidan nan," Kande ta ce. "Hajja, ki faɗa musu, don Allah da ya halicce ki, sau nawa na taɓa wannan hannun."

Mawahib ta ce wace irin tambaya ce wannan, ai duka biyun take ja, kowa ya sani. Alhali ita Mawahib ba ta taɓa zama a ɗakin ana tausar ba ko sau ɗaya. Idon kowa ya koma kan Hajja. Kande ta tsaya tana jira, ba ta taimaka mata ba, don ta riga ta yi shekara tara tana taimaka mata da shiru.

"Ko sau ɗaya," Hajja ta ce a hankali. "Ba ta taɓa shi ba."

Fatna ta tambaye ta dalili. Hajja ta ce zinarenta ne a hannun, ta ji tsoro. Ta ce matar nan ko allura ba ta taɓa ɗauka a gidanta ba, amma ita ta ci gaba da ɓoye hannun, da farko don tsoro, daga baya don kunyar fito da shi. Ta ce da Mawahib ta kore ta, ta san gaskiya, ta yi shiru saboda faɗin gaskiyar sai ya tona wannan.

Sai Fatna ta zaro nata hannuwan daga mayafi ta ɗora a cinya. Su ma a karkace suke, kamar an kwafe su daga na ƙanwarta. Ta ce ita ba wanda ya taɓa ja mata yatsa tun da aka haife ta, ƙyamar ƙarar ma take yi, kuma mahaifiyarsu haka ta mutu ba ta iya riƙe carbi. Ta juya ta ce wa Mawahib ta duba nata yatsun da kyau, nan da shekara ashirin ta nemi wanda za ta ɗora wa.

Wasu suka yi dariya, amma Kande ba ta yi ba. Mawahib ta fara cewa ita abin da ta ji ta faɗa, ai ba da mugun nufi ba ne, a kawo wa Kande shayi. Kande ta ce ba shayi ya kawo ta ba. Ta ce gidajen da aka bi aka ɓata ta, matansu suna nan zaune, sun ji da kunnensu, wannan ya ishe ta. Hajja ta miƙo mata hannun hagu, wannan karon a buɗe, ta roƙe ta ta yafe mata, ta dawo ranar Alhamis ta murza mata shi, yana hana ta sukuni.

Kande ta dubi hannun. Tausayi ya zo mata, ba a ce bai zo ba, don ta san inda za ta danna ciwon ya lafa. Amma ta tuna ƙofar da aka rufe mata da tsohuwar da ta tsallaka titi.

"Na yafe, Hajja. Amma lokacin da yake da lafiya ba ki ba ni shi ba. Ki sa a ɗuma miki ruwa ki riƙa tsoma shi da safe, a shafa man riɗi. Wannan kowa zai iya yi miki."

Ta gyara mayafinta ta fita, ba wanda ya kira direba.

Mawahib ta kai uwarta wajen likita a Khartum, ya ce musu ƙarar yatsa iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa, ciwon kuwa na shekaru ne da gado. Ba ta taɓa zuwa Mayo ba da haƙuri ba, mijinta ma bai taɓa jin labarin ba. Hajja Awadiyya ta cire zinarenta ta rufe a akwati don ba ya shiga hannunta kuma, ta aika wa Kande sau uku, Kande ba ta je ba. Fatna ta koma Madani tana ba da labarin a duk gidan da ta shiga. Biyu daga gidajen bikin nan uku suka dawo wa Kande, na ukun ya ji kunya ya ƙi. Jibrin ya ci gaba da sayar da ruwansa, gidansu kuma ba a rushe shi ba. Kande ta yi aikinta har ta tsufa tana jan yatsun mata suna cewa ƙas, sai dai daga ranar, duk gidan da ta shiga takan ce a ba ta hannu biyu tun farko, in ba haka ba ta ɗauki kwanonta ta tafi.